Injin da Ya Daina Fitsari

Ku matso ku ji. An yi wani mai kwalekwale a bakin wani kogi, mutum mai kunyar tsiya. Injinsa kuwa, da an tayar da shi sai ya riƙa tsarto ruwa ta baya, tsiriri. Ruwan da ke sanyaya shi ne, masunta suna ce masa fitsarin inji. Kowace safiya sukan duba, in yana fitsari, lafiya lau.

Ran nan surukarsa ta zo ya ƙetare da ita gidan suna. Ya tayar da inji, ya duba, babu fitsari. Ya ce a ransa, "Madalla, yau ya ga babba, ya yi hankali."

Suna tsakiyar kogi inji ya yi zafi, ya yi tari, ya yi shiru. Ruwa ya fara jan su, gidan suna yana ta nisa.

Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, yau injin ya yi fitsari kuwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Inna, a gabanki?"

"Ɗago shi."

Ya ɗago. Ashe ciyawa ce ta toshe inda yake shan ruwa. Ta sa tsinke ta sakace, suka jira ya huce. Ya ja igiyar tayar da inji, sai ga tsiriri.

Ta ce, "'Ya'ya tara na goya. Mai jiƙa mini zane bai taɓa ba ni tsoro ba, sai wanda ya ƙi."

Kafin su isa tuwo ya ƙare, ƙanzo suka tarar.

Tun ran nan, kowace safiya yana bayan inji a tsugune, yana lallashi: "Yi mana, ɗan albarka."