Bel ɗin Injin Alhaji Nababa

Da hantsi aka kawo ƙara ofishin 'yan sanda na Tsanyawa: an sace bel ɗin sabon injin matse man gyaɗa na Alhaji Nababa. Shekarar da dizal ya gagari kowa ce, ga shi gidaje goma sha biyu ke ci daga wurin.

Sufeto Muntaka ya je ya duba kwaɗon ƙofar ɗakin injin. Ba a fasa ba.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da Tasi'u makaniki, sai Inna Hure mai tsince gyaɗa," in ji Alhaji.

Tasi'u ya rantse. "Yallaɓai, injin da ke haɗiye buhu goma a wuni? Na fi kowa son sa."

A bayan ɗakin injin Sufeto ya ga jarkokin man gyaɗa shida. Ya buɗe ɗaya, ya ɗanɗana, ya tofar. Ɗaci.

"Masu ƙosai ne suka dawo da su," in ji Tasi'u, kansa a ƙasa.

Inna Hure na zaune kan tabarma, faifai a cinya.

"Inna, kin shiga ɗakin inji jiya?"

"Ni da ban san gabansa da bayansa ba, ɗan nan?"

"To, giris ɗin da ke bakin zanenki fa?"

Ta kalli zanen. Sannan ta ɗaga tabarmar. Ga bel a naɗe.

"Buhu huɗu nake iya tsincewa a wuni, shi kuwa goma yake so. Sai suka riƙa ɗura masa wadda ban gani ba, har da mai fumfuna. Sau uku ina faɗa wa Alhaji, ya ce dizal ba ya jiran tsohuwa. Jikata Sauda ta ci ƙosan man nan, kwana biyu tana amai."

Alhaji ya cire hula, ya share zufa.

"Na janye ƙarar. Daga yau gyaɗar da ba ta bi ta faifanki ba, ba za ta shiga inji ba. Zan ƙaro miki mata uku."

"Janyewar ma a ofis ake yi," in ji Sufeto. "Taso, Inna. Kin dai karya doka."

"Na sani."

Ya riƙe mata hannu har mota, ya buɗe mata ƙofar gaba. Ta zauna, ta gyara mayafi, ta leƙo ta taga.

"Kai Tasi'u! Kar ka kunna sai na dawo."