Funfunar Cikin Ganyen Mangwaro

Tuhin ya fara ganin Shiuli ne a gonar mangwaron mahaifinsa a Chapai, tana tsinkar ganye tana zubawa a leda.

"Ɓarauniya, mutane mangwaro suke sata, ke kuma ganye?"

"Daga jami'a nake, sarkin gadi. Bincike ne."

Ta ce masa cikin kowane lafiyayyen ganye akwai funfuna zaune, iska da ruwan sama ke kawo ta, kuma ta yankinsu mai fari daban take da ta Sylhet inda ruwa ba ya ɗaukewa. Shi dai bakinta yake kallo.

Bayan wata uku ya tura mata saƙo: "Ganyena, yau me ya tsiro?"

"Funfuna kala bakwai daga ganyen tsohuwar bishiyar kakanka, zumana! Ga hoto, nuna wa Baba."

Ya nuna masa. Ni na koyar da Mokbul, mahaifin nasa, kimiyya a firamare. Ni na sa shi ya haddace cewa funfuna cuta ce. Haka littafi ya ce, ni kuma lokacin ban iya yi wa littafi gardama ba. Kafin Tuhin ya dawo daga kasuwa, Mokbul ya sa an sare bishiyar don kada ta harbi sauran, ya rantse mai shigo masa da annoba ba za ta zama surukarsa ba.

"Ni na kashe ta. Ka manta da ni," Shiuli ta rubuto wa Tuhin.

"Ki koya min yadda ake yi, ni ban iya ba."

Na riƙo hannun Shiuli muka je wurin Mokbul. Ta ce, "Baba, ka tsinko ganye da hannunka daga bishiyar da ka fi yarda da lafiyarta." Ya tsinko biyar, har da darbejiyar masallaci. Cikin mako guda funfuna ta tsiro daga dukkansu.

"Malama, ke fa kika ce..."

"Na ce, Mokbul. Ba daidai na koya maka ba."

Sai ya ce, "Bishiyar nan da na sa aka sare, shekararta tamanin, ko sau ɗaya ba ta fasa haihuwa ba."

Bayan kakar mangwaro aka shafa wa amarya kurkum, aka ɗaura aure. Mokbul ya dafa kanta. "Allah ya zaunar da ku lafiya, 'yata. Ki tsinki duk ganyen da kike so."

Muka amsa da amin. Har yau dai ta bayan gona Mokbul yake zagayawa, don kada ya ga kututturen bishiyar.