Rigar da Ke Kan Kujera

"Ƙaro murya! Matar Bakanike za ta yi kuka!" in ji Mai Walda.

Gareji ya kwashe da dariya. Bakanike yana ƙarƙashin mota, ya yi kamar bai ji ba. Wata uku ke nan matarsa tana fitowa a wasan kwaikwayon rediyo, a matsayin matar da miji ya banzatar, tana ta addu'a tana cewa ƙaddararta ce. Yanzu kuma an kawo mata wani mai zaƙin murya a wasan.

Sai ga muryarta a rediyon tana rawa: "Hasken idona... ko sannu ka ce min, ta ishe ni."

Sufana ta suɓuce masa. Hasken idona! Sunan da take kiransa da shi suna amarci, shi ta ɗauka ta ba wani ƙato, duniya tana ji!

Ko hannu bai wanke ba ya nufi gidan rediyon. Ya banka ƙofar ɗakin ɗaukar murya.

"Ina yake?"

Matarsa ta zare abin sauraro daga kunnenta. "Maigida, lafiya? Wa?"

"Mai muryar zumar nan! Yau sai na ga idonsa!"

Dattijuwar da ke shirya wasan ta leƙo ta saman tabarau. "Ɗana, shi ranar Laraba yake zuwa, ita Litinin. Ni nake haɗa muryoyin. Ko a hanya suka haɗu ba za su gane juna ba."

"To wa take yi wa kukan?"

Dattijuwar ta nuna da haɓa. Bayan makirfo akwai kujera, an rataya mata tsohuwar rigar aikinsa, wadda ya yi wata biyu yana nema yana faɗa.

"Kukan ba ya zuwa sai na kalle ta," matar tasa ta faɗa a hankali. "Ita dai tana tsayawa ta saurara... Kai kuwa da ka ci abinci sai waya, sai minshari."

Ya cire rigar daga kujerar ya dunƙule, ya zauna daram a kai.

"To ga ni. Faɗi."

Ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Amma Mama," ya juya ga dattijuwar, "wannan 'hasken idona' a goge shi daga takarda. Na Laraban ya nemi nasa."