Tsagar Tiyon Mai

Bayan magariba injin jirgin Usaini ya mutu a tsakiyar gulbi, ruwan ambaliya na jan shi nesa da Tibiri. Ya girgiza tanki, mai na nan. Ya busa matata, ya ja igiya har hannunsa ya sage.

Sai warin laka ya cika masa hanci. Wata murya ta ce daga gefen jirgin, "Tiyo ne ya tsage, iska yake sha. Shafa ƙarƙashinsa."

Ya shafa, ga tsagar kuwa. Ya haska tocila zai yi godiya. Mai muryar na tsaye cikin ruwa, inda gorar tuƙi ba ta taɓa ƙasa, fuskarsa irin ta Usaini sak, sai dai a kumbure.

"Bara da tiyon nan ka duba, ɗan'uwa, da ka iske ni da rai."