Abin da Inna Ta Ci

Matar Auta tana durƙushe a bakin famfo tana wanke zannuwan da Inna ta ɓata, hawaye na ɗiga cikin kumfa. Tun rasuwar mijinta Auta ba ta koma gidansu ba, don marainiya ce, kuma Inna, surukarta, ta riƙe hannunta ta ce, "Ki zauna da ni, ke da jikata." Yau ga Innar kwance, amai da gudawa sun sako ta gaba tun jiya, ciki na murɗa mata, jiki zafi rau.

Sai ga Yaya, babbar 'yar Inna mai shagon abinci, ta shigo kamar an jefo ta. Ta leƙa ɗaki ta fito tana kururuwa, har maƙwabta suka cika tsakar gida.

"Kin cinye ƙanena, yanzu uwata ta rage? Me kika zuba mata a abinci?"

"Yaya, ki ji tsoron Allah... Inna ce fa. Ni wa nake da shi bayan ita?"

Yaya ta katse ta da mari. Babban Yaya, wan mijinta, ya iso ya saurari 'yar'uwarsa kawai. Aka watso mata kayanta waje, aka fizge 'yarta daga jikin zaninta, yarinyar na miƙo hannu tana kiran Umma. Matar Auta ta raɓe a gidan wata maƙwabciya, ba ta iya haɗiyar ko ruwa, sai faɗi take, "Ya Allah, Kai ne shaidata... Ka tashi kafaɗun Inna, ko da ba za a taɓa wanke ni ba."

Washegari maƙwabciyar ta dawo da labari mai tayar da hankali: Yaya ta hana a ba Inna ruwa, wai shi ke ƙara gudawar, ta ja ƙofa ta tafi shago. Matar Auta ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta tarar da tsohuwar idanu sun faɗa, leɓe ya bushe ya tsage, ko motsi da ƙyar. Ta goya ta kamar jaririya, ta fito titi tana tare motoci tana kuka, har wani mai tasi ya tausaya ya kai su asibiti.

Nan take aka sa wa Inna ƙarin ruwa. Da dangi suka iso, nas ta ce ba guba ba ce, ƙwayoyin cuta ne da ake ɗauka a gurɓataccen abinci ko ruwa, kuma ƙarewar ruwan jiki ce ta kusa kashe ta.

Yaya ta taɓe baki. "To wa ke dafa mata abincin? Ƙazama kawai."

Kowa ya ga aikin jinya ya zame, Matar Auta ta zauna. Ta dama garin gishiri da suga na asibiti a tafasasshen ruwa, tana ba Inna cokali-cokali; in ta amayar, ta ɗan jira, ta sake. Ta kwashe fo, ta wanke hannu da sabulu, ta dawo ta goge mata jiki. Da aman ya tsaya ta fara ba ta shinkafa mai laushi da ayaba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya gaishe da kowa ya tsallake Matar Auta.

Ranar da bakin Inna ya buɗe, 'ya'yanta na kewaye da gadon. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ina jikata?"

Babban Yaya ya sunkuyar da kai ya faɗa mata duk abin da aka yi. Tsohuwar ta fashe da kuka.

"Kun zalunci marainiya... Ranar nan ko loma ɗaya ban ci a girkinta ba. Yayarku ce ta kawo min ragowar naman shagonta. Na ce mata yana wari, ta ce ɗumamawa kawai yake so, kuma kada in faɗa wa kowa." Ta juya ga Yaya. "Kin sani sarai, kika bari aka raba uwa da 'yarta."

Kafin mako ya zagayo wasu masu cin abinci a shagon Yaya suka kwanta da irin ciwon, jami'an lafiya suka garƙame shagon, Inna kuma ta ce kada ƙafar Yaya ta sake taka gidan.

Babban Yaya da kansa ya ɗauko yarinyar ya kawo asibiti, ya durƙusa a gaban matar ƙanensa.

"Ki yafe mana."

Matar Auta ta ƙanƙame 'yarta tana kuka. Inna ta dafa mata kai.

"Share hawayenki, 'yata. Gida za mu koma, kuma muddin ina raye babu mai sake nuna miki ƙofa."