Agogon da Mai Batir Ya Sayar

A makon da kowa ke rububin sayen kyautar hutun ƙarshen shekara suka fara haɗuwa, cikin wani babban kanti da yanzu ko gininsa babu. Shi saurayin kwanansa uku da fara aiki a wurin. Sashen takalma aka ɗauke shi, amma da cinkoso ya yi yawa sai manaja ya tura shi gilashin agoguna, alhali bai taɓa ɗaura agogo a hannunsa ba.

Wata budurwa mai suna Auta ta tsaya gabansa tana nuna wani mai fuskar azurfa.

"Malam, wannan batir gare shi? Na babana ne. Hannunsa na rawa, ba zai iya wanda ake murzawa ba."

Ya dubi agogon, ya dube ta, kallon nata ya fi daɗewa. Kunya ta hana shi cewa bai sani ba.

"Batir ne, Malama. Sai ya shekara biyu bai tsaya ba."

Ta yarda, har ta sa aka zana sunan mahaifinta a bayansa. Kwana biyu agogo ya tsaya cak.

Ta dawo ranta a ɓace. Ashe mahaifin nata shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo kafin rawar hannu ta zaunar da shi, kallo ɗaya ya yi ya gane na murzawa ne. Kanti kuwa ba ya karɓar abin da aka yi wa rubutu.

"Ban sani ba," in ji saurayin, kansa a ƙasa. "Kuma da na ce ban sani ba tun farko, da ya fi."

"To, Baba ya ba ni saƙo. Ya ce wanda ya sayar shi zai riƙa zuwa yana murza masa. Ni ma ya hana ni taɓawa."

Washegari ƙarfe bakwai yana ƙofar gida. Tsohon na zaune a falo kusa da taga, gefen wani tebur cike da ƙananan sukurdireba da ya daina iya riƙewa amma bai yarda a kwashe ba.

"Kai ne mai batir ɗin?"

"Ni ne, Baba."

"Murza. A hankali, ba famfo ba ne. In ka ji ya fara tauri ka tsaya."

Sunan ya bi shi ke nan. Kullum da safe Mai Batir zai zo, ya murza sau ashirin, ya sha faɗa, ya wuce aiki. Auta kan kawo shayi ta koma bayan labule tana dariya ƙasa-ƙasa. Cikin wata uku ya san abin da ke cikin agogo, har abokan aikinsa na turo masa duk mai tambaya mai wuya. Zuciyarsa kuwa tuni ta tare a gidan.

Ya rubuta mata: "Auta, yau ƙirga ta ɓace mini a goma sha biyu, saboda na ji motsinki bayan labule."

Ta amsa: "Mai Batir, ka kiyayi Baba, shi ƙirgarsa ba ta ɓacewa. Amma gobe ma zan tsaya a wurin."

Da magana ta kai kunnen Baba, bai ɓoye ba. "Wanda ya faɗi abin da bai sani ba don ya burge mace, ba zan ba shi 'yata ba."

A wannan makon ne ɗan wani aminin Baba ya fara zuwa neman auren Auta da motarsa, ya kawo wani agogo mai tsada wanda ba ya neman komai wurin kowa. Mai Batir ya ga motar a ƙofa, ya ga kwalin a kan tebur, ya ƙudurta aikinsa ya ƙare. Ya daina zuwa. Auta ta yi kuka, don ta zaci ya gaji ne da ita da faɗan mahaifinta.

A rana ta huɗu saƙonta ya shigo: "Agogo ya tsaya tun shekaranjiya. Sabon yana cikin kwalinsa. Baba na zaune bakin taga tun bakwai, bai ko kurɓi shayinsa ba. In ba don ni ba, ka zo don shi."

Da gudu ya zo. Tsohon ya miƙo masa hannu bai dube shi ba.

"Ina ka shiga?"

"Na ga kun samu wanda ya fi, Baba."

"Wa ya ce maka ya fi? Ka tambaya? Har yanzu kana nan da yanke hukunci kan abin da ba ka sani ba." Ya kasa kunne yana sauraron murzawar. "Bari in tambaye ka. Za ka iya riƙe mini yarinyar nan?"

Mai Batir ya ɗago kai. "Ban sani ba, Baba. Amma kullum zan zo in koya."

Tsohon ya yi murmushin da Auta ta shekara ba ta gani ba. "Amsar da nake jira ke nan tun ranar farko. Ka turo manyanka."

An ɗaura aure ƙarshen wannan shekarar. Baba ya haɗa hannayensu cikin nasa masu rawa, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su haƙuri da juna, ya sa su tsufa tare.

Shekara goma sha takwas ke nan. Baba ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansa. Mai Batir yanzu shagon agogonsa gare shi, kuma abu na farko da yake koya wa sabon ma'aikaci shi ne ya iya cewa, "Ban sani ba, bari in tambayo." Agogon azurfa na hannun Auta. Ta iya murza shi sarai, amma kullum ƙarfe bakwai sai ta miƙa wa mijinta hannu, ya murza sau ashirin, tana ƙirga masa.