Kujerar Hagu

Ranar Talata aka tsinci gawar Kyaftin Lukito a ƙarƙashin jirgin gwaji, wato akwatin ƙarfe mai dogayen ƙafafu da ake horar da matuƙa a ciki, a wata cibiya da ke Tangerang. Shi ke tantance duk matuƙin da kamfani ya ɗauka, ya auna inda rauninsa yake, ya ba shi horo daidai da haɗarinsa.

Sufeto Darmaji ya zo yana warin taba mai kanumfari. Tun rasuwar matarsa ba ya haƙuri da masu rai, littattafai ma da ƙyar.

"Zamewa ya yi daga gadar shiga," in ji manajan cibiyar.

"Da baya, ya tsallake makari? To, Allah ya ƙara ilimi."

Ratri, sabuwar mataimakiyar matuƙi, ta ce da safe aka gwada ta tare da Kyaftin Siregar, suka fita tare.

"Ya gwajin ya kasance?"

"Lafiya lau, yallaɓai."

"'Yar nan, ƙarya ma sai an koya."

Ta sunkuya. "An kashe mana inji ɗaya. Na ce wa Kyaftin Siregar injin da yake ƙoƙarin rufewa ba shi ne ya mutu ba, ya katse ni. Muka faɗi."

Sufeto ya hau akwatin. Bayan Ratri da Siregar, wani gajeren matuƙi ya yi gwaji a kujerar hagu, wato ta kyaftin. Amma yanzu kujerar na can baya, matakan ƙafa a nesa.

Siregar dogo ne, furfura ta cika kansa. Ya ce bai koma akwatin ba.

Ratri ta buɗe baki. "Yallaɓai, ina so in..."

"Tun ba a haifi yarinyar nan ba nake tuƙi!" Siregar ya katse ta.

"Na ji," in ji Sufeto. "Zauna min a kujerar nan."

Ya zauna. Hannunsa ya tafi wajen gyara kujera, ya tsaya. Babu abin gyarawa.

"Kamar tela ya auna ka," in ji Sufeto.

Kafaɗun Siregar suka sauka. "Na roƙi Lukito ya sake gwada ni lokacin cin abinci, ba idon kowa. Na sake faɗuwa. A kan gada ya ce, 'Kyaftin, ba zan bar ka ka ɗauki fasinja ba, amma...' Sai na ture shi."

"Amma me?"

"Ban bari ya ƙarasa ba."

"Ai na lura."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi. Ratri na tsaye bakin ƙofa.

"Na san sauran maganar," ta ce. "Kyaftin Lukito ya gaya min da safe. Ya ce ba zai bari a kori Kyaftin Siregar ba, zai zauna kusa da shi kullum har sai ya ci gwajin."

Sufeto ya dubi motar da ke fita, ya kunna wata tabar.